Tsawon ya fito daidai amma kusurwar ta ƙi, wa zai duba min lissafin bektan nan?

Auta: Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu fizik ku taimaka min da wata tambaya, ta tsaya min a wuya. Wai jirgin ruwa ne ya tashi ya yi tafiyar kilomita 10 a kusurwa 30°, daga nan ya yi kilomita 15 a kusurwa 120°, sannan ya ƙara kilomita 12 a 200°, kuma duk kusurwoyin daga gabas ake auna su, wato layin x, ana juyawa saɓanin hannun agogo. Aka ce a nemo jimillar gusawarsa daga inda ya tashi, a rubuta a tsarin fola, (r, θ), wato r tsawo, θ kusurwa. Ni r ta fito min 17.2 km kuma haka take a bayan littafi, amma kusurwa kalkuleta ta ba ni −53.9° su kuma sun rubuta 126.1°. Na danna na sake dannawa abu ɗaya take ba ni. Ko dai masu littafin ne suka yi kuskure?

Sarkin Musu: Wa alaikissalam. Ni fa ban ga abin wahala a nan ba, 10 da 15 da 12 ai 37 ne, ina kuma 17 ta fito? Jirgi ya ci kilomita 37 ku ce 17, to man da ya ƙona na nawa ne?

Malamar Fizik: Sarkin Musu man na 37 ne, babu wanda ya yi maka gardama a nan. Amma wannan tsawon hanyar da ya bi kenan. Gusawa ba ruwanta da kwane-kwanen da aka yi a hanya, abin da take tambaya kawai shi ne daga inda ka tashi zuwa inda ka tsaya, in aka ja miƙaƙƙen layi, nawa ne tsawonsa kuma ina ya fuskanta. Wanda ya zagaye filin tsere na mita 400 ya dawo kan layin da ya tashi ya yi gudun mita 400, gusawarsa kuwa sifili. Da jirgin nan waje ɗaya ya miƙe bai karkata ba da amsarka ta 37 ta zama daidai, kuma ita ce iyakar abin da gusawar za ta iya kaiwa, ba za ta taɓa wuce ta ba.

Auta ƙanwata, turo min aikinki gaba ɗaya layi-layi, kar ki tsallake komai.

Auta: To Malama ga shi. Na raba kowace bekta, wato kowace tafiya da tsawonta da alkiblarta, gida biyu, ɓangaren x da cos, ɓangaren y da sin.

Ta farko: x = 10 cos 30° = 8.660, y = 10 sin 30° = 5.000
Ta biyu: x = 15 cos 120° = −7.500, y = 15 sin 120° = 12.990
Ta uku: x = 12 cos 200° = −11.276, y = 12 sin 200° = −4.104

Na tara x duka na samu −10.116, na tara y na samu 13.886. Sai na yi r = √(10.116² + 13.886²) = √295.15 = 17.18. Sai θ = tan⁻¹(13.886 ÷ −10.116) = −53.9°. Iyakarsa kenan.

Malamar Fizik: Madalla, aikin nan tsaf yake har layin ƙarshe. Yanzu ajiye kalkuletar, ɗauki biro ki ja layin x da na y a takarda. x ɗinki mainos ne, to ki matsa hagu wajen taku goma. y ɗinki filos ne, ki hau sama wajen taku goma sha huɗu. Ki ɗiga ɗigo. Ina jirgin yake?

Auta: Sama ta hagu. Arewa maso yamma kenan.

Malamar Fizik: To −53.9° fa, in kika tsaya kina kallon gabas kika juya bin hannun agogo digiri 53.9, ina kike kallo?

Auta: Ƙasa ta dama... kudu maso gabas. Ikon Allah. Wato kishiyar inda ya kamata.

Malamar Fizik: Yauwa. Ga abin da ya faru. Lokacin da kika raba 13.886 da −10.116 kin samu −1.3727, kuma wannan lambar kaɗai kika miƙa wa kalkuleta. Ita ba ta san ko x ce mai mainos ɗin ko y ce ba, don filos a raba da mainos da mainos a raba da filos duk abu ɗaya suke bayarwa. Kamar ki nuna wa baƙo titi ne ba ki gaya masa hannun da zai bi ba. Shi tan yana maimaita kansa duk bayan digiri 180, don haka kusurwa biyu ne a zagaye ɗaya suke da tan ɗin −1.3727, wato −53.9° da 126.1°, ita kuma maɓallin tan⁻¹ an gina ta ne ta riƙa ba da amsa tsakanin −90° da 90° kawai, ɓangaren dama na takarda. Duk bektar da ta faɗa hagu, inda x take mainos, sai kin ƙara 180° da hannunki. −53.9 + 180 = 126.1°. Littafinki bai yi kuskure ba.

Abin da kika samu ma ba shirme ba ne, (17.2 km, −53.9°) ita ce hanyar da jirgin zai bi in zai koma inda ya tashi.

Sarkin Musu: Malama da girman kujerarki amma ni wannan rabe-raben ya yi min yawa. Me zai hana a tara kusurwoyin a raba uku? 30 da 120 da 200 ya ba da 350, a raba uku 116.7°, kin ga ai ya kusa 126 ɗin, ɗan abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

Ɗan Kwamfuta: Hhhh mutumina sa'a ka taka kawai. Gwada da wannan: kilomita 5 a 10° da kilomita 5 a 350°. Duka biyun kusan gabas suka nufa, ɗaya ta ɗan hau ɗaya ta ɗan sauka, kowa ya san jimillarsu gabas ce sak, 0°. Dabararka kuma za ta ce 10 da 350 a raba biyu 180°, wato yamma. Ka juya mutum baya gaba ɗaya. Kuma ko a tambayar Auta digiri tara da wani abu ka kauce, a tafiyar kilomita 17 hakan ya kusa kilomita uku daga inda jirgin yake, in ceto aka tura ka sai dai ka yi ta kallon ruwa.

Ba a tara kusurwa ba a tara tsawo, wannan shi ne ciwon kan tsarin fola, yana da daɗin faɗa wa mutum inda abu yake amma ba ya taruwa kai tsaye. x da y su ne suke taruwa don duk x a layi ɗaya suke kwance, duk y ma haka. Shi ya sa ake fita daga fola a shiga x da y, a yi tarawar a can, sannan a dawo.

Sarkin Musu: To na ji wannan. Amma har yanzu ban yarda dole sai an bi ta x da y ba. Mu dokar kosain aka koya mana da alwatika.

Malamar Fizik: Ba dole ba ne, kuma tambayar nan ma ta yi maka sauƙi in ka lura. Tsakanin 30° da 120° digiri 90 ne cif, to bekta ta farko da ta biyu Pythagoras kaɗai ya ishe su: √(100 + 225) = √325 = 18.03 km, kusurwarta 30° + tan⁻¹(15 ÷ 10) = 30 + 56.31 = 86.31°. Sai ka haɗa wannan da ta uku, tazarar kusurwarsu 200 − 86.31 = 113.69°. r² = 325 + 144 + 2(18.03)(12) cos 113.69°, cos ɗin −0.4018 ne, ya ba ka 469 − 173.85 = 295.15. Ka ga lambar da Auta ta samu ce sak. Amma ba ka gama ba, sai ka koma dokar sain ka nemo kusurwa, ita ma tana da nata tarkon don sin⁻¹ ba ta ba da abin da ya wuce 90°. Kuma wannan bektoci uku ne kawai. A ba ka bakwai fa? Alwatika shida za ka warware ɗaya bayan ɗaya, kowane kuskure yana bin na gabansa. Mai x da y kuwa layi bakwai zai rubuta ya tara ginshiƙi biyu ya tashi. Ni a ganina dokar kosain ta bektoci biyu ce, daga uku zuwa sama wahalar da kai ne kawai.

Sarkin Musu: Kowa dai da kiwon da ya karɓe shi Malama 😄

Shiru-shiru: Afuwan na shigo muku a tsakiya. Ni nawa ya fi na Auta lalacewa, tun a layin farko 10 cos 30 tana ba ni 1.54, sin ɗin ma mainos ya fito, −9.88. Kalkuletar ce ta lalace ko me?

Ɗan Kwamfuta: Lafiyarta ƙalau, a radiyan take, wato wani ma'aunin kusurwa ba digiri ba. Duba can saman gilashin za ka ga ƙaramin R ko Rad, mayar da ita D ko Deg. Ita a wajenta 30 ɗin da ka danna radiyan 30 ne, wato ta zagaya da'ira sau huɗu da wani abu. Kafin ka fara kowane aiki danna sin 30, in ba ta ce 0.5 ba kar ka ci gaba. Na waya ma haka suke yi, wasu da radiyan suke buɗewa.

Shiru-shiru: Wallahi R ce. Na gode yaya.

Ɗan Kwamfuta: Tunda ana maganar kalkuleta, Auta in irin Casio fx-991ES ce a hannunki akwai Pol a saman maɓallin +, sai ki danna SHIFT da +, ki sa −10.116, waƙafi, 13.886, ki rufe baka. Za ta ba ki r da θ lokaci guda kuma θ ɗin 126.07 za ta fito ba −53.9 ba, saboda wannan karon x daban y daban kika ba ta, ta ga alamar kowacce. Rec da ke saman maɓallin − ita ke yin akasin haka, daga (r, θ) zuwa x da y.

A kwamfuta ma abin da ake yi kenan, akwai atan2 da ke karɓar lamba biyu maimakon ɗaya. Sai dai a yi hattara, a Python da C y ake fara sawa sannan x, a Excel kuma ATAN2 x take fara karɓa sannan y, mutane da yawa sun sha ƙasa a nan. Kuma duk amsar a radiyan take fitowa, ta tambayar nan 2.20, sai ka mayar digiri da kanka.

Malamar Fizik: Pol tana da kyau don duba aiki, ban hana ba. Amma Auta ki iya na hannu tukuna, don mai duba takardar jarrabawa matakai yake ba wa maki, kuma ranar da aka ba ki haruffa maimakon lambobi babu maɓallin da zai cece ki.

Baba Safiyo: Salamu alaikum yara. Na daɗe ina karanta ku ina murmushi, don abin nan da kuke kira bekta shi muka yi ta yi a fili da kamfas da tef tun ba a san GPS ba. Sai dai mu ba daga gabas muke fara ƙirga ba. Daga arewa muke farawa, mu bi hannun agogo, kuma lamba uku muke rubutawa: arewa 000°, gabas 090°, kudu 180°, yamma 270°. Matuƙan jirgin ruwa da na sama su ma haka suke yi. In ka ce wa matuƙi ya bi 126° alhali ta ajin lissafi kake nufi, kudu maso gabas zai nufa, jirgin Auta kuwa yana arewa maso yamma.

Mayarwar ba wuya, a cire kusurwar lissafi daga 90, in ta fito mainos a ƙara 360. To 30° ɗinku a wajenmu 060° ce, 120° ta zama 330°, 200° ta zama 250°. Sannan sin da cos suna musayar wuri, tafiyar gabas ita ke ɗaukar sin, tafiyar arewa ta ɗauki cos. Ku gwada: 10 sin 60° = 8.660, 15 sin 330° = −7.500, 12 sin 250° = −11.276. Kun ga lambobin 'yata Auta ne suka dawo ba ko ɗaya da ta canza. Amsar ƙarshe a bakinmu kilomita 17.18 a kan 323° 56′, wato daga arewa ka karkata yamma digiri 36 da ɗan ɗoriya.

Auta: Sannu Baba, Allah ya ƙara girma. Amma yanzu kaina ya ɗan ɗaure, a makaranta an ce mana x kullum cos ce y kullum sin.

Baba Safiyo: Kullum ɗin ce ba daidai ba 'yata. Cos tana bin layin da aka fara auna kusurwa daga gare shi. In daga gabas kika auna, gabas ce mai cos. In daga arewa kika auna, arewa ce mai cos. Haddar "x cos, y sin" tana aiki ne muddin daga layin x aka fara, ranar da mai tambaya ya ce digiri 30 daga arewa zuwa yamma, wanda ya haddace bai zana ba ya faɗa rami.

Malamar Fizik: Baba ya taɓo inda ɗalibai suka fi zubar da maki. Tambayar nan ta Auta ana iya kawo ta da siga uku kuma duk abu ɗaya ne. Ana iya cewa 30°, 120°, 200° kamar yadda aka ba ta. Ana iya cewa digiri 30 daga gabas zuwa arewa, sai digiri 30 daga arewa zuwa yamma, sai digiri 20 daga yamma zuwa kudu. Ana kuma iya cewa ya tashi a 30°, ya yi kwana digiri 90 hagu, ya sake kwana digiri 80 hagu, a nan sai ki riƙa ɗorawa a kan inda ya fuskanta, 30, sai 120, sai 200. Abin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne kafin a taɓa sin ko cos a mayar da kowace kusurwa ma'auni ɗaya, daga gabas saɓanin agogo, daga nan alamomin filos da mainos da kansu suke fitowa, ba sai kin zauna kina tunanin wanne ne hagu ba. Ki lura digiri 20 daga yamma zuwa kudu 200° ce, amma digiri 20 daga kudu zuwa yamma 250° ce, tazarar digiri 50 tsakaninsu.

Kuma zane dai, zane. Gani ya kori ji. Da rula da furotakta, santimita 1 a matsayin kilomita 2, ki ja kibiya mai santimita 5, daga kanta ki ja mai 7.5, daga kan wannan ki ja mai 6, sannan ki haɗa gindin ta farko da kan ta ƙarshe. Za ki auna wajen santimita 8.6, tana kallon sama ta hagu. Ko zanen gaggawa ne ba rula, da kin yi shi tun farko da −53.9° ba ta wuce ki ba.

Sarkin Musu: To in an canza jerin fa? A fara da ta 12 ɗin, a ƙare da ta 10?

Malamar Fizik: Hanyar za ta canza kamanni, wurin tsayawa ba zai canza ba. 8.660 − 7.500 − 11.276 ko ta ina ka fara tarawa −10.116 ne.

Sarkin Musu: Saura ɗaya. Na taɓa gani a darasin fola ana rubuta r da mainos. In haka ne (−17.2, −53.9°) ai wuri ɗaya ne da (17.2, 126.1°), kenan kusurwar Auta ba laifi, alamar r kawai za ta canza.

Ɗan Kwamfuta: Wannan karon ka faɗi gaskiya, a lissafi zalla ana yarda da hakan, musamman wajen zana lanƙwasassun layuka irin r = cos 2θ, mainos r na nufin ka fuskanci kusurwar sannan ka ja da baya. Haka ma 126.1° da 486.1° da −233.9° duk wuri ɗaya ne. Wuri ɗaya a tsarin fola sunayensa ba sa ƙirguwa, shi ya sa ake ƙayyadewa.

Malamar Fizik: A lissafi, e. A fizik r girman bekta ne, girma kuwa ba ya zama mainos, babu jirgin da ya gusa kilomita mainos 17. Kar ka ruɗa min yarinya ana gab da jarrabawa Sarkin Musu.

Baba Safiyo: Bari in ƙara abu ɗaya da na ga matasa suna yi, yanke lamba da wuri. Mutum ya ga cos 30° = 0.866 ya ce 0.9 ne, sin 200° ya ce −0.3. Ku yi tambayar nan da ɗigo ɗaya ku gani: x za ta zama 9 − 7.5 − 10.8 = −9.3, y ta zama 5 + 13.5 − 3.6 = 14.9, r ta fito 17.6, kusurwa 122°. A ido kamar ba komai, a ƙasa kuwa kun kauce fiye da kilomita ɗaya. A riƙe ɗigo uku ko huɗu har ƙarshe sannan a yanke sau ɗaya.

Mu a aikin awo muna da hanyar kama kanmu. In ka zagaye fili daga turke zuwa turke ka dawo kan wanda ka fara, jimillar tafiyar gabas dole ta zama sifili, ta arewa ma sifili. Ba ta taɓa fitowa sifili cif, kullum akwai ɗan saura, sai ka yi wa sauran nan Pythagoras ka ga girman kuskurenka, ka gwada shi da tsawon zagayen duka. In ya yi ƙanƙanta a rarraba shi a kan layukan, in ya yi yawa a ɗauki kaya a koma fili, ba wani roƙo.

Shiru-shiru: Baba to in jimillar x ta fito sifili ita kaɗai fa? Na taɓa gwadawa kalkuleta ta ce Math ERROR.

Malamar Fizik: Don ba a raba lamba da sifili. Amma ba ka buƙatar kalkuleta a nan, x sifili na nufin bektar a tsaye take kan layin y, in y filos ce 90°, in mainos ce 270°. In kuma duka biyun sifili ne an dawo gida, r = 0, kusurwa ba ta da ma'ana.

Ɗan Kwamfuta: Kun san abin da ke ba ni mamaki, akwai wata tururuwar hamadar Sahara, Cataglyphis, da take yin lissafin nan ba takarda. Tana fita neman abinci ta yi ta kwane-kwane a fili fetal ba wata alama, da ta samu sai ta juyo ta miƙe sak zuwa raminta, ba ta bin sawun da ta zo. Alkibla daga hasken sararin sama take ɗauka, nisa kuma daga takunta. A 2006 Wittlinger da Wehner da Wolf suka gwada, bayan tururuwan sun isa wurin abinci sai suka ƙara wa wasu tsawon ƙafa da gashi mai tauri da suka manna musu, wasu kuma suka rage musu. Masu dogayen ƙafa suka wuce inda ramin ya kamata ya kasance, masu gajeru suka tsaya tun ba su kai ba suna neman ƙofa. Wato tana tara ƙananan bektoci tun daga fita, kuma abin da take riƙe da shi a kai shi ne irin amsar Auta ta farko, hanyar komawa. Zuma kuma da rawa take faɗa wa 'yan uwanta inda furanni suke, kusurwar rawar alkibla ce daga rana, daɗewarta kuma nisa, (r, θ) kenan ba ragi. Karl von Frisch da ya gano haka ya samu kyautar Nobel a 1973.

Sarkin Musu: Tururuwa ta iya, ni ina nan ina tara 37 😂 To ga tawa tambayar: mutum ya yi kilomita 1 kudu, kilomita 1 gabas, kilomita 1 arewa, sai ga shi a inda ya tashi. Lissafinku zai ce ya gusa kilomita 1 gabas. Ƙarya na yi?

Baba Safiyo: Ba ka yi ƙarya ba in daga ƙuryar arewa ta duniya ya tashi, can inda duk layukan arewa suke haɗuwa. Duk abin da muke yi a nan mun ɗauka ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce kamar takarda, alhali ƙwallo ce, daga tsakiyarta zuwa bayanta wajen kilomita 6,371. A tafiyar kilomita 17 lanƙwasar ba ta kai a damu da ita ba, sai dai in kusa da ƙuryar kake inda arewar kanta take juyawa a ɗan taku kaɗan. Jirgin da zai tsallaka teku kuwa wani lissafin yake yi daban, na alwatika a kan ƙwallo. Wannan ba na yau ba ne, bar yarinya ta gama da na takarda.

Malamar Fizik: Auta ga ɗaya ki gwada, Shiru-shiru kai ma. Kilomita 4 gabas, sai kilomita 9 a 210°, sai kilomita 3 kudu. Ku ba ni (r, θ).

Shiru-shiru: x = 4 − 7.794 + 0 = −3.794. y = 0 − 4.5 − 3 = −7.5. r = √70.65 = 8.41 km. θ = 63.2°. Wannan karon ba mainos a kusurwar, ina ga ta yi.

Auta: A'a yaya, ni na zana tukuna, ɗigon ƙasa ta hagu ya faɗa, rubu'i na uku. Mainos biyun ne suka cinye juna wajen rabawa shi ya sa ta ba ka filos. x mainos ce, a ƙara 180, θ = 243.2°.

Malamar Fizik: Haka ne Auta. Shiru-shiru wannan tarkon ya fi na farko muni, don can alamar mainos ta sa an tsargu, nan kuwa 63.2° ta fito fes ba abin da zai sa ka zarge ta. Alamar x za ka duba, ba alamar amsar ba.

Shiru-shiru: Na danna Pol ɗin da aka faɗa kuma ta ba ni −116.8°, yanzu amsa uku kenan a gabana.

Ɗan Kwamfuta: Biyu ne. −116.8 + 360 = 243.2, abu ɗaya ne da ta Auta, Pol da atan2 tsakanin −180° da 180° suke ba da amsa. In tambaya ta ce daga 0° zuwa 360° sai ka ƙara 360, in ba ta ce komai ba kowacce ka rubuta daidai ce, ka dai faɗi daga inda ka auna. 63.2° ɗin ce kaɗai ba ta cikin dangi.

Baba Safiyo: A kamfas 206° 50′, kilomita 8.41. Sarkin Musu kai ba mu ga taka ba.

Sarkin Musu: Ina nan ina fama da dokar kosain Baba, na gama alwatika ta farko, ku ɗan jira ni.